Doki ba ya hawan fa: fashin baƙi kan duwatsun Kudancin Kaduna

Wanda ya taɓa shiga motar Kafanchan daga garejin Talbishin ya san inda ƙasa take fara sauya kama. Kana wuce Kujama da Kasuwan Magani, sai duwatsu masu sulɓi su fara leƙowa ta wajen Kajuru, kowanne zaune shi kaɗai kamar an kife ƙwarya a tsakar gida. Bayan Kachia itatuwa su ƙara tsayi, ciyawa ta ƙara duhu, gonakin citta su fara cin na dawa. Ba za ka yi nisa da Zonkwa ba wani dogon bango shuɗi-shuɗi zai tare maka ido, in da damina ne ma kansa a lulluɓe da gajimare. Dutsen Kagoro ke nan, a Ƙaramar Hukumar Kaura, wanda ƙololuwarsa ta haura mita 1,200 daga doron teku, wato ninkin tudun da garin Kaduna yake kai.

Mu da muke cikin Kaduna yawanci a labaran rediyo muke jin sunayen garuruwan nan, kuma ba a ranar daɗi ba. Shi ya sa in an ce Kudancin Kaduna, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne rikici da dokar hana fita. Amma akwai tambayoyin da suka girmi rikicin. Me ya sa daga Zariya har Katsina harshe ɗaya zai ishe ka, nan kuwa tafiyar sa'a guda a mota sai ka ratsa harsuna huɗu ko biyar? Me ya kawo kurmi da kwakwar manja cikin Arewa? Me ya sa tsofaffin mutum-mutumin yumɓu da duniya ta san Najeriya da su a nan aka fara tono su? A ganina duk igiyoyin nan wuri ɗaya aka ɗaure su, a jikin dutsen.

Mu fara da shi kansa dutsen, domin ba duka ne 'yan gida ɗaya ba. Masana duwatsu sun kasa giranayit ɗin Arewa, wato irin dutsen nan mai tauri da ake fasawa a yi tsakuwar gini, gida biyu. Akwai tsoho, mai kimanin shekara miliyan 600, irin su Kufena a Zariya da waɗancan na Kajuru. Shi ya sandare ne can cikin ƙasa, ruwa da iska suka yi ta share abin da ke kansa har ya fito fili da santsinsa. Akwai kuma wanda suke kira sabo, ko da yake sabuntar tasa ta shekara miliyan 140 zuwa 200 ce. Kagoro da Nok da Kudaru da duwatsun Jos duk suna cikin wannan gida. Asalinsu duwatsu ne masu aman wuta. In dutse ya amayar da abin cikinsa, rufinsa yakan rufta, narkakken dutse ya cike tsagar da ta kewaye shi kamar zobe, ya sandare. Saman ya zaizaye tun tuni. Abin da muke hawa yau saiwar ce kawai.

Wani abin mamaki, waɗannan zobba a jere suke tun daga Azbin a Jamhuriyar Nijar, su biyo ta Damagaram, Dutse, Ningi, Riruwai, Jos, har Afu a Jihar Nasarawa, kuma na arewa sun girmi na kudu bi da bi. Buzun Agadas da manomin Kagoro, ashe a kan jeri ɗaya suke kwana.

Sabon giranayit ɗin ne ke ɗauke da kuza da wani ma'adinin da ake kira kwalambayit. Kuza tana da nauyi, saboda haka in dutse ya ruɓe ruwa ya kwashe shi, yashi ya wuce, ita ta kwanta a gindin rafi. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sai ruwan sama. Iskar damina daga Tekun Atilantika take tasowa, ta kudu maso yamma, ɗauke da laima. Tana tafe kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa har ta zo ta yi karo da gefen tudun Jos, wanda Kagoro ke bakinsa. Ba ta da hanya sai sama. In ta hau ta yi sanyi, in ta yi sanyi ta kasa riƙe laimar, sai ta zubar. Shi ya sa wannan yanki yake samun ruwan da ya haura milimita 1,500 a shekara, Zariya kuwa tana wajen 1,000 zuwa 1,100. Damina takan riga tamu sauka, ta kuma daɗe ba ta ɗauke ba. Lokacin marka kana iya kwana uku a Kagoro ba ka ga kan dutsen ba.

Wannan ruwa ne ya haifi kurmi. A kewaye dajin doka ne da maje da ɗorawa da kaɗanya, irin wanda muka sani. Amma da ka gangara cikin kwazazzabo, sai ka shiga duhun manyan itatuwa irin su loko, da igiyoyin daji masu sarƙewa, da kwakwar manja, kamar an yanko wani yanki na Kudu an ajiye. Gandun dajin Nindam da na Kagoro suna cikin wuraren da masana tsuntsaye suka yi wa rajista a matsayin muhimmai, saboda ana samun tsuntsayen kurmi da sai ka yi ɗaruruwan kilomita kudu kafin ka sake ganin danginsu. Ko sunayen ƙauyuka sun riƙe shaida, irin su Kurmin Musa.

Daga duwatsun nan ruwan Matsirga yake gangarowa, kusa da Kafanchan, inda yake faɗowa daga tsayin kusan mita 25 zuwa 30. Na taɓa zuwa cikin Agusta. Tun kana nesa kake jin gurnaninsa, in ka matso feshi ya jiƙa ka sharkaf ba tare da ka taɓa ruwan ba, kuma sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Ruwan nan kudu ya nufa, ya shiga Kogin Mada, ya faɗa Binuwai. Ɗan tazara kaɗan arewa da nan kuma Kogin Kaduna ne, wanda ya taso daga tudun Jos, ya ratsa ƙasar Atyap, ya zo ya wuce ƙarƙashin gadarmu ta cikin gari, ya juya injinan Shiroro, ya shiga Neja. Hadari ɗaya zai zubar da ruwa a yankin, rabi ya bi Binuwai rabi ya bi Neja, ba su sake haɗuwa ba sai Lokoja.

To mu koma kan kuza. A 1928 masu haƙarta a kusa da ƙauyen Nok, ƙasar Ham da muke kira Jaba, suka ci karo da wani ɗan kai na gasasshen yumɓu. Aka ajiye, ba wanda ya damu sosai. Sai a 1943 aka sake tono wani kai a wajen Jema'a. Ma'aikacin da ya same shi ya kai gonar doyarsa ya kafa a matsayin mutum-mutumin korar dabbobi, ya yi kusan shekara yana wannan aiki. A tsaya a duba: abin da yau manyan gidajen tarihi na duniya za su yi rububinsa, yana tsaye rana da ruwa yana gadin doya. Daga baya aka kai shi Jos wurin wani jami'in Turawa masanin kufai, Bernard Fagg. Shi ya lura da kamar da ke tsakanin wannan kai da na Nok: idanu masu kusurwa uku, ƙwayar ido a huje, kitso mai fasali. Ya laƙaba wa al'adar sunan ƙauyen, kuma kayan da ya tara suna cikin abin da aka buɗe gidan tarihi na Jos da su a 1952.

Daga 2005 masana daga jami'ar Frankfurt ta Jamus, tare da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, suka shafe shekaru suna tono, da sansaninsu a ƙauyen Janjala. Sun nuna cewa mutanen nan sun fara zama a yankin tun wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa, suka soma mutum-mutumin wajen ƙarni 6 bayan haka, daga baya suka iya narka tama, sannan al'adar ta ɓace daf da zamanin Annabi Isa. Abin da ya fi burge ni shi ne abincinsu. An sami ƙonannun ƙwayoyin gero da wake da ƙwallon atile. A 2021 kuma binciken da aka yi wa ɓaraguzan tukwanensu ya gano alamar kakin zuma a kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka riƙe wani saura. Gero, wake, atile, zuma. Je kasuwar Kwoi ko ta Kafanchan gobe, duk huɗun za ka samu. Matar da ta jiƙa mini atile a ruwan ɗumi ta barbaɗa gishiri a tashar Kagoro, sana'ar shekara 3,000 take yi.

Ƙasar yankin tana da tsami, tana cinye ƙashi, don haka ba a sami ƙasusuwan mutanen ba. Wannan ya sa babu ƙabilar da za ta iya kafa hujja ta ce ita kaɗai ce jikarsu, balle kufansu ya bazu har Abuja da Nasarawa da Neja. Ɓarnar da ta fi ta ƙasa kuwa ta mutane ce. A shekarun 1990 aka yi ta tonon ganganci, dillalai suna saye da arha suna fitarwa. A 2000 har gidan tarihi na Louvre a Faris aka baje wasu, abin ya tayar da ƙura, daga baya Faransa ta amince mallakar Najeriya ne, tana riƙe da su a matsayin aro. Mutum-mutumin da aka fizge daga raminsa ba tare da an rubuta me ke gefensa ba, kamar shafi ne da aka yage daga littafi: kyan rubutun yana nan, labarin ya tafi.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi nauyin faɗa, musamman ga Bahaushe. Bayan jihadi, Zazzau ta miƙa ikonta kudu ta hannun masarautun da ke ƙarƙashinta, irin su Jema'a, wadda aka kafa wajen 1810, da Keffi da Nasarawa. Cikin gaisuwar da suke kai wa Zariya akwai bayi, kuma bayin nan daga wani wuri ake kamo su. Ƙarfin rundunar wancan zamani doki ne. A fili babu mai tsaya wa barade. Amma doki ba ya hawan fa.

Sai da na hau Dutsen Kagoro na gane wannan magana da ƙafafuna. Hanyar tana bi ta tsakanin manyan duwatsu, wani wurin sai ka karkace kafin ka wuce, wani wurin ka dafa da hannu. Na tsaya ina haki, sai ga wata dattijuwa tana saukowa da kaya a ka, ko sanda babu. Na ce, "Sannu Mama, mun kusa?" Ta dube ni ta yi dariya, ta ce, "Ɗana, ai yanzu ka fara." A irin wannan matsatsi mutum uku da baka da kibiya mai dafi sun isa su tsare ɗari. A sama kuma ba fako ba ne kamar yadda ake zato daga ƙasa: akwai fili, akwai ruwa, akwai gonaki, akwai koguna da ake ɓoye mata da yara da hatsi. Har yau akwai masu zama can. Waɗanda ke gindin dutse kuma sukan kewaye gari da shingen ƙerana, mai ƙaya da farin ruwan da ke ƙona ido. Da haka Kagoro ta tsira ba ta shiga hannun Jema'a ko Zazzau ba.

Abincin ma na dutse ne. Acca tana yi a ƙasa mai tsakuwa inda dawa za ta ƙi, tana nuna da wuri, tana kuma daɗewa a rumbu. Ga rizga da gwaza, ga amya a kan itace. A gangare akan jera duwatsu kamar matakala don kada ruwa ya wanke ƙasar noma.

Yawan harsunan daga nan ya samo ƙarfi, ko da yake ba harin bayi ne ya haife su ba, sun girme shi nesa ba kusa ba. Abin da dutse ya yi shi ne ya hana wata babbar daula ta haɗiye su, kamar yadda Hausa ta haɗiye ƙananan harsuna da yawa a filin Kano da Bauchi. Kuma kada a zuzuta rarrabuwar. Mutanen Kagoro da Marwa da Attakar da Kafanchan da Kataf suna jin maganar juna, masana harshe ma reshe ɗaya suke sa su, na Tyap. Sunayen da na jero yanzu ma yawanci na bakinmu ne. Su Agworok suke kiran kansu, da Asholyio, da Takad, da Fantswam, da Atyap, kamar yadda Kaje su ne Bajju, Kadara su ne Adara. Wanda ya ce maka shi Bajju ne ka nace da Kaje, ka sani ba daɗi yake ji ba.

Ba kuma yaƙi kaɗai ya haɗa mu da su ba. Kalmar zango da ke cikin Zangon Katab ta isa shaida: masaukin fatake ne, inda ayarin jakuna ke sauke gishiri da kanwa da tufafi, ya ɗauki abin da ƙasar take da shi. Ciniki da hari hanya ɗaya suke bi a wancan zamani, wani lokaci ma a shekara ɗaya.

Abin da doki ya kasa, bindigar Bature ta yi a farkon shekarun 1900. Amma da yake ba a taɓa cin Kagoro ba kafin zuwansu, Turawa suka bar ta da sarkinta, ita da Marwa da Jaba, a matsayin gundumomi masu zaman kansu. Maƙwabtansu da yawa kuwa aka bar su ƙarƙashin hakiman Zazzau ko Sarkin Jema'a. Wannan bambanci ne ya zama abin nuni tsawon shekaru: in su sun samu, mu me ya hana? Neman masarautun kai da aka yi ta yi a Kudancin Kaduna, wanda aka biya da yawa daga cikinsa bayan 1999, daga nan ya samo tushe.

Turawa suna son mutane a inda za a ƙirga su a karɓi haraji, saboda haka aka yi ta matsa wa na kan dutse su sauko. Layin dogo ya ƙarasa aikin. A 1927 Kafanchan ta zama mahaɗar layin da ya taso daga Fatakwal zuwa Kaduna da reshen da ke hawa Jos don kwasar kuza, har Sarkin Jema'a ya baro tsohon garinsa ya dawo bakin tasha a 1933. 'Yan mishan na ƙungiyar Sudan Interior Mission (SIM) suka kafa sansani a Kagoro da makarantar koyar da Littafi Mai Tsarki. Da wane harshe za su koyar da ɗalibai daga ƙabilu goma? Da Hausa, musamman bayan an buga fassarar littafin gaba ɗaya a 1932. Ga abin da ba mu cika lura da shi ba: Hausar da ta kasa hawa dutsen a bayan doki, ta hau shi a cikin littafin waƙoƙin coci. Yau in Bajju da Ham suka haɗu a kasuwa, da ita suke ciniki. Gwamna Awan, Sarkin Kagoro daga 1945 har rasuwarsa a 2008, shekara 63 a kan gado, ɗan wannan sabon zamani ne na makaranta da coci.

Saukowar ce ta buɗe batun ƙasa. Mai kwana a kan dutse a gindin dutsen yake noma da farauta, kowane fegi da dangin da ke da shi. Baƙon da ya zo ya ga fili ba bukka, sai ya ɗauka daji ne. Ruwan da ya sa kurmi ya yi kyau shi ya sa ciyawa take kaiwa rani, ga sanyi, ga kuma ƙudan tsando yana raguwa yayin da ake sare daji, don haka Fulani suka zauna da shanunsu, wasu iyalan sun fi ƙarni a wurin. Ga Hausawan zango da na bakin tasha, su ma nan aka binne kakanninsu. Kowa da gaskiyarsa, filin kuwa bai ƙaru ba. Ba ina cewa dutse ne ya kunna wutar Kafanchan a 1987 ko ta Zangon Katab a 1992 ba. Siyasa da addini da rashin hukunta masu laifi suna da babban kaso. Amma a tuna cewa ta 1992 a kan sauya wa kasuwa mazauni ta fara, wato a kan wa ke da ikon faɗa a ji game da wani fili.

Su mutanen Kagoro ba su manta da wanda ya rufa musu asiri ba. Babban bikinsu na shekara sunansa Afan, ma'anarsa dutse a harshensu. Asalinsa bikin kammala girbi ne da buɗe farauta, a zamanin Gwamna Awan aka tsayar da shi ranar 1 ga Janairu. Ranar garin ba masaka tsinke, 'yan asali daga Legas da Abuja da Kaduna duk sun dawo gida, mafarauta da kwari da baka, ana busa ƙaho cikin sanyin hunturu, dutsen yana tsaye a bayan fage.

Abin da ke barazana ga dutsen yanzu ba ya zuwa da doki. Citta, wadda ta zama jarin Kachia da Jaba da Kagarko, cutar da ta faɗa mata a 2023 ta bar manoma da yawa da bashi, kuma wanda gonarsa ta ci amanarsa daji yake juyawa. Kurmi shi ne soson da ke riƙe ruwan damina ya riƙa sakinsa a hankali har bazara. In an sare shi, ruwan zai sauko gaba ɗaya cikin Agusta ya yi ɓarna, a Maris rafi ya kafe. Mai sarar kuma ba don mugunta yake yi ba, kasuwa ce take kiransa, kuma kasuwar ba a Kagoro take ba.

A hanyarmu ta dawowa, tun daga bayan Zonkwa buhunan gawayi ne jere a bakin titi, an toshe bakinsu da ganye. Direbanmu ya taka burki, ya sauka ya yi ciniki, ya ɗaure biyu a bayan mota, ya ce gas ya fi ƙarfin uwargida. Wata fasinja ta ce a ƙara mata ɗaya. Ni ma na tambayi kuɗin, na ji ya fi na unguwarmu sauƙi nesa, na sa aka matsa jakata aka yi wa nawa wuri.